Sunan Da Muka Shanye

Asabar, 2 ga Fabrairu 2019

Ni Turai ke magana, Damata ke rubutawa, don ni ban taɓa riƙe biro ba. Likitan garin nan ne ya ce a samo littafi a riƙa sa awon jinina da abin da ya dame ni a ranar. Awon jini layi ɗaya ne. Abin da ya dame ni ne mai yawa.

Auta ne ya ɗauko ni daga Kano, wato Sharfuddeen, ɗana na ƙarshe, mai aikin kwantena a Jebel Ali, tashar jiragen ruwan garin Larabawan nan. Matarsa Muhsinat cikinta ya tsufa. Biyu sun zube kafin wannan. Na zo wankan jego ne, in Allah ya sa akwai jegon.

Gidan a unguwar Karama yake, can saman bene. Ina tsoron lif. Ina tsoron taga. Tun da na zo ƙafata ba ta taka ƙasar Allah ba, sai tayil. Damata maƙwabciya ce, 'yar Zongon Kumasi, tana gyaran ɗakuna a otal. Hausarta a karkace take amma tana da kirki. Rubuta haka, a karkace. Kin ga, dariya take yi.

Na zo da jakar Baba. Auta bai sani ba.

Talata, 5 ga Fabrairu

Damata ta ce in ba a faɗi mece ce jakar ba, littafin ba zai gane ba. To.

Babanmu soja ne, ya je yaƙin Bama tun ba a haife ni ba. Ya dawo da tari, da wannan jaka. Ƙarama ce, yadi mai kauri kamar na tanti, kalar ƙasa, da igiyoyi biyu na ɗaurewa. In ka ɗaga murfin akwai rubutu a ciki da baƙar tawada, ba Larabci ba, ba boko ba. Daga sama yake gangarowa ƙasa.

Kakarmu Safiya, mahaifiyar Baba, ita ta ce abin da ya shiga wuta ya fito da ɗanta a raye, to akwai sirri a rubutunsa. Tun daga nan, mace in naƙuda ta yi mata tsanani a gidanmu, a tsoma bakin murfin a ƙoƙon ruwa, a ɗan murza da yatsa, a ba ta kamar rubutun allo. Innata ta sha da za ta haife ni. Ni na sha a haihuwata duka. Ƙanwata Barira ta sha. Har maƙwabta sukan aiko da ƙoƙo.

Baba bai taɓa cewa a yi ba, bai taɓa cewa a bari ba. In ya ga an ɗauko ta sai ya sa takalmi ya fita.

Yanzu rubutun saura kaɗan daga ƙasa. Ina ganin na wanki ɗaya ne ya rage, shi na ajiye wa Muhsinat. Cikin nan biyu da suka zube ai ba na kusa.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Muhsinat ce ke rubutawa yau. Lafiya lau. Na ci abinci. Ba abin da ya dame ni.

Asabar, 9 ga Fabrairu

Asirina ya tonu. Auta ya buɗe akwatina yana neman katin asibiti, ya ci karo da ita a cikin zanen salla. Ya zauna a bakin gado yana jujjuya ta. Ya ce Inna, kayan soja kika ratso filin jirgi da su? Garin nan ko tofar da yawu aka ce laifi ne. Na ce za a kore ka daga aiki? Ya ce a'a, tsohuwar jaka ce ba bindiga ba, tsokana yake yi. Amma ni har yanzu in na ji jiniya a titi sai in ce mu ne.

Sannan ya ce maganar ruwan nan, ba a gidansa ba. Ya faɗa a hankali, kansa a ƙasa, amma ya faɗa. Na ce kai ma da shi ka fito duniya. Ya ce da ikon Allah na fito, Inna. Na ce to wa ya ce ba da ikon Allah ba.

Wai yana da aboki a wurin aiki, Injiniya Mika'ilu, mutumin Bauci, aikinsa bayan aiki shi ne tara irin waɗannan kaya na sojan Jafan, waɗanda su Baba suka yaƙa a Bama. Za mu je ya gani. Na ce ba na sayarwa. Ya ce ba wanda ya ce saye.

Juma'a, 15 ga Fabrairu

Damata, gyara zama, yau da tsawo.

Bayan an sauko daga masallaci muka je Al Warsan, unguwar su Mika'ilu. Hanya kamar ba za ta ƙare ba, sito-sito ko'ina. Mika'ilu dogo ne, da furfura kaɗan a gemu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Matarsa ta kawo shayi, ta ce Hajiya ki yi masa faɗa, ɗaki guda ya ba wa tsummokara, yaransa suna kwana a falo. Ya ce tsummokaran ba sa cin abinci, ba sa neman kuɗin makaranta.

Ɗakin sanyi ƙalau, esi ba ya mutuwa saboda su. Kabad na gilashi. Jakunkuna manya da ƙanana, gorunan ruwa na ƙarfe cikin rigarsu ta igiya, kwanukan cin abinci masu murfi, huluna masu tauraro a goshi, da dogon ƙyalle da suke naɗe ƙwauri da shi. Ba makami ko ɗaya, ya ce dokar garin ba ta wasa. Kakansa ma ya je Bama, shi bai dawo ba, ba a dawo da ko maɓallin rigarsa ba. Ya ce ya fara neman kayan namu sojojin ne, sai ya ga na abokan gaba sun fi samuwa, sai ya zarce.

Ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa jakata. Jakar da muke ratayewa a ƙusa kusa da madafa. Na ji kunya, ban san ta mece ce ba.

Ya shinshina ta tukuna. Wai akwai na jabu, sababbi ne ake jiƙa su da ruwan shayi su yi kamar tsofaffi, hanci ke fara kama su. Ya duba ɗinki. Ya nuna mini wata jakar tasa mai ƙugiyar ƙarfe ya ce ta farkon yaƙi ce, tawa mai igiya ta baya ce, lokacin da ƙarfe ya ƙare musu har maɗauri sai na yadi. Ya ce wadda soja ke ratayawa a kwiɓi ce, ya sa guzurinsa. Ya ɗaga murfin, ya sa gilashin ƙara girma. Akwai wani tambari mai kusurwa huɗu a gefe da ni nake ɗauka hatimi ne. Ya ce na ma'ajin sojoji ne, yana faɗin garin da aka ɗinka ta da shekarar, su da shekarun sarautar sarkinsu suke lissafi.

Sai ya zo kan rubutun hannun. Ya ce Hajiya, me ya ci nan? Ba rana ba ce, ba gumi ba ne, wuri ɗaya ne kawai ya koɗe kamar an yi ta gogewa.

Auta ya kalli ƙasa. Ni na faɗa masa. Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya cire gilashin idonsa ya goge, ya mayar.

Ya ce, "Hajiya, ba laya ba ce. Sunan mai jakar ne. Kowane soja yakan rubuta sunansa a nan don kada ta ɓata."

Na ce sunan mutum?

Ya ce sunan mutum.

Ban sha shayin ba.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Ba zan yi magana yau ba. Sa awon kawai. Ya hau, na sani.

Litinin, 18 ga Fabrairu

Sunan mutum muka yi ta sha. Ni da Innata da Barira da matan unguwa.

Abin da ke cina: shirka muka yi? Kaka ta mutu a kan haka, Inna ta mutu a kan haka. Ba su sani ba. Damata ta ce Mma, Allah ba ya kama wanda bai sani ba. Na ce to ni yanzu na sani.

Kuma duk da na sani, duk wadda ta sha ta sauka lafiya. Wannan ma gaskiya ne. Kada ki tsallake shi.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Mika'ilu ya zo da kansa. Rannan ya ɗauki hoton murfin, ya kai wa wata mata 'yar Jafan da ke ofishin jiragen ruwa, don shi tambari ya iya, rubutun hannu sai su. Ta ce sunan gidansu shi ne a sama, su da shi suke farawa, shi muka fara shanyewa, saura rabin harafi. Na ƙasa shi ne sunan yanka, yana nan. Wasu sanduna uku da ke kwance a cikinsa, waɗanda muke cewa sandunan tsari, lamba uku ce. Saburo. Sunan da suke sa wa ɗa na uku.

Ashe yana da yayye biyu. Ashe wata mata ta yi naƙuda sau uku, ko fiye.

Ya ce akwai wani siririn layi a gefe, na rundunarsa, ido ba ya gani sosai, amma akwai masu fitila ta musamman da ke fito da tawadar da ta shige cikin zare. Akwai kuma mutane da aikinsu ke nan, neman dangin sojojin da ba a ga gawarsu ba, a mayar musu da abin da aka samu. Da yawansu akwatin wofi aka kai wa iyayensu. Amma hoto bai isa ba, sai jakar kanta, kuma sai in ruwa bai sake taɓa wurin ba. Ya ce wanki ɗaya, khalas, shi ke nan, ba suna ba runduna.

Na ce wankin ɗaya nake da shi, kuma da mai shi.

Bai ja ba. Ya ce jakarki ce Hajiya, gadonki ce. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya ce shi da wani a Bama zai aiko masa da ko igiyar takalmin kakansa, da ya yi tafiyar ƙasa ya karɓo. Wannan bai kyauta mini ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Na sa Auta ya kira mini Barira a waya. Ta ce Yaya, kada ki saurari 'yan boko, mutumin da ya mutu tun zamanin Bature me zai yi da suna? Jikanki za ki duba. Ta ce in wani abu ya faru kuma fa, da wane ido za ki kalli yarinyar?

Ita ma gaskiya ta faɗa.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Muhsinat ke rubutawa. Ta ce ta karanta na baya duka, in daina ce mata lafiya lau. To na daina.

Ina tunanin Baba ne. Fitar nan da yake yi. Da ina cewa kunya ce ta maza, ba sa zama inda ake naƙuda. Yanzu ban sani ba. Ya san suna ne? A hannun wa ya karɓe ta, mai rai ko gawa? Sau ɗaya tak na ji ya ce wa wani abokinsa, sojan Jafan ma yara ne, yunwa ta fi mu cinsu. Da ya ga ina tsaye sai ya aike ni sayen ashana.

In akwai haƙƙin wani a wuyansa, shekara nawa ke nan yana kwance da shi. Ni kaɗai na rage mai jakar a hannu.

Ke kuma me kike kuka? Share ido, ba kyau ga mai ciki.

Asabar, 9 ga Maris

Damata. Kwana tara ba a rubuta ba. Bari in faɗa a jere kada in rikice.

Laraba da hantsi faya ta fashe. Auta yana Jebel Ali, ya ce ga shi nan zuwa, a shirya. Ni da ita kaɗai a gida. Tana riƙe da bayan kujera, gumi yana zuba, ga esi a kunne. Yarinyar nan mai digiri, wadda ba ta shan ko jiƙo sai ta karanta takarda. Ta kama hannuna ta ce, "Mama, in za ki ba ni ruwan nan ki ba ni kafin ya iso. Zan sha. Tsoro nake ji."

Na shiga kicin da jakar. Na zuba ruwa a kwano. Na kwance igiyoyin, na ɗaga murfin, na naɗe shi yadda Inna ke yi, har bakinsa ya kusa ruwan. Sandunan nan uku suna kallona. Da ban san mene ne su ba, yanzu ba na iya ganinsu sai in ga yaro. Kamar a ce in kama kan ɗan wata in danna a ruwa don nawa ya fito.

Ina jin nishinta daga falo.

Na ajiye jakar a kan firij. Na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu a kan ruwan, iyakar abin da na iya ke nan, na tofa. Na kai mata. Na ce, "Ruwa ne tsura da addu'a, ban tsoma ba. Kada ki sha kina zaton wani abu." Ta kalle ni, ta shanye, ta ce na gode Mama. Ban san ko haushi ta ji ba. Auta ya shigo yana yalla yalla, wato a yi sauri, suka tafi. A asibitin mutum ɗaya ake bari ya raka, ni aka bar ni a gida.

Na zauna a ƙasan kicin har Damata ta taso daga aiki ta same ni a nan.

Da la'asar Auta ya kira. Naƙudar ta tsaya, bugun zuciyar yaron yana sauka, za a yi mata aiki. A gidanmu ba a taɓa yanka mace a ciro ɗa ba. Na ce shi ke nan, na kashe su. Na miƙe na ɗauko jakar, na ce Damata nemo mota, ko a gora in kai mata. Ta ce Mma, wanda za a yi wa aiki ko ruwa ba a ba shi. Ta karɓe jakar daga hannuna ta zauna a kanta. Wallahi zama ta yi a kanta. Rubuta, ai kin yi.

An ciro shi kafin magariba. Namiji. Bai yi kuka da wuri ba. Yana cikin kwalba. Uwar ta farfaɗo.

Lahadi, 10 ga Maris

Na gan shi ta gilashi. Duk wayoyi. Ƙafarsa kamar babban yatsana.

Barira ta kira, ban karɓa ba.

Talata, 12 ga Maris

Muhsinat tana gida, yaron yana can. Ina gasa mata jiki da tawul, don likita ya hana wankan ganye sai ɗinki ya warke. Wane irin jego ne wannan, ba ɗa ba ruwan zafi. Na kasa haɗa ido da ita. Ita ce ta ce Mama, cibiya ce ta naɗe masa wuya, ko kogi na sha sai an yi aikin. Na ce haka suka ce. Ta ce haka ne.

Ban sani ba. Har in mutu ba zan sani ba. Abin da ban saba da shi ba ke nan, da kullum akwai abin da za a ce shi ya yi.

Asabar, 16 ga Maris

Sun sallamo yaron. Yana kama nono kamar mai bin bashi. An riga an yi masa huɗuba da Idris, sunan Baba, ba ni na roƙa ba.

Yau na shiga lif ni kaɗai na taro su a ƙasa. Idona a rufe, amma na shiga.

Juma'a, 29 ga Maris

Mika'ilu da matarsa sun zo barka. Na ɗauko jakar na ba shi. Ki rubuta da kyau: ajiya ce, ba kyauta ba. A Kano gara ta yi yawa, ga danshin damina, shi kuma yana da esi. In masu fitilar nan suna so su duba, su duba. In an samu dangin, to a zo a tambaye ni tukuna. Ya ce zai iya ɗaukar shekaru, kuma mai yiwuwa ba za a samu kowa ba, rabin harafi gidaje da yawa ke farawa da shi. Na ce na ji. Na ce in an same su kada a ɓoye musu abin da ya ci sunan. A ce musu mata ne suka sha, a wani gari mai nisa, kuma 'ya'yan sun rayu. Ko su ji haushi ko kada su ji.

Ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya manta safarsa, na ce ba komai, ta saba da hannu.

Da safe na soya waina ta sadaka, tun da ba a yi taron suna ba. Na raba a kwanuka yadda nake yi a gida, kowane da niyyarsa: na Baba, na Inna, na Kaka, na mahaifin su Auta. Damata ta kai wa masu gadi da masu shara na ƙasa. Ta dawo tana ce mini Mma, kwano biyar na sauke, mamatanki huɗu ne, na biyar ɗin na wa?

Na ce ƙullun ne ya yi yawa. An ce mutanen su Saburo ma shinkafa ce abincinsu, amma ba shi ya sa ba. Ban yi wata addu'a a kai ba, na san iyakata. Ci kawai za a yi.

Rufe littafin, yaron ya tashi.